Bargin da Nake Kiwo a Maraɗi

Wanda ya tashi a Yawuri, a bakin Kwara, ruwa ne abin da idonsa zai fara nema a Maraɗi ya rasa. Akwai Gulbi kam, amma na damina ne: ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa ta nan, ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Da kaka ta wuce sai rairayi da lambuna. Ni jikan masunta ne, ko da yake hannuna bai san taru ba, gilashi da alminiyam ya sani. Sana'ar ce ma ta kawo ni a 2022, da ƙanin mahaifiyata ya buɗe shago a unguwar Zariya yana neman mai yanka masa gilashi.

Ba kasafai ake ce wa ɗan Najeriya baƙo a garin nan ba. Sarautar Maraɗi kanta ta Katsinawa ce da suka yiwo arewa bayan jihadi. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya. Baƙuncin a ƙananan abubuwa yake laɓe. Na saba da inci da ƙafa, sai ga mai gida ya miƙo mini awon taga da santimita, takardar kuma da Faransanci. Mai shayi ya ce dala ashirin, in tsaya ina ninkawa da biyar a zuci kafin in gane sefa 100 yake nufi. Mafi nauyi shi ne bayan isha'i: kowane saurayi da fadarsa, ana dafa shayi ana hira har dare ya raba, ni kuwa daga shago sai ɗaki.

A watan Yulin 2023 wani ɗan'uwana ya aiko mini 'ya'yan kifin da ake kira bargi a jarka ta hannun direban da ke kawo bandar kifi. Kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Ɗaya ne ya rayu, kuma duk masunci ya san haka 'ya'yan bargi suke, ba su da jimirin yunwa ko kaɗan. Daga ragowar gilashin shago na haɗa masa akwati mai tsawon mita ɗaya da faɗin santimita 40.

Samarin unguwa da suka leƙo suka ce ai sun san shi a waya, arowana ne, kifin masu kuɗi. Wancan jan da suke gani na ƙasashen Asiya ne, tun 1975 yarjejeniyar CITES, mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta ɗaure cinikinsa, wanda aka haifa a gona kaɗai ake sayarwa, shi ma sai da 'yar na'urar shaida a jikinsa. Akwai kuma mai launin azurfa na kogin Amazon. Namu danginsu ne, amma halinsa daban. Waɗancan mafarauta ne, bakinsu sama yake kallo. Bargi bakinsa ƙarami ne mai kaurin leɓe, tacewa yake yi. Zai kifa kai ƙasa ya ɗebi rairayi cike da baki, ya juya shi, ya feso ta kunnuwa, ya haɗiye 'yan ƙwarin da ke ciki. Shi ya sa na je Gulbi na ɗebo masa rairayi mai laushi, na wanke har ruwan ya fita fes. Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini: tsutsar sauro daga tsohuwar randa, da abincin tarwaɗa da nake dakawa in jiƙa don ya nutse.

Bai daɗe da zuwa ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take turowa. A lokacin ne na fara jin ana ce mini "ɗan Najeriya" da wata irin murya. Ba wanda ya taɓa ni, gaskiya. Amma idan wuta ta ɗauke, wani a layi zai ɗaga murya: "Malam, ka ce wa mutanenku su sako mana kuran!" A yi dariya, ni ma in yi, abin yana ɗan sukata.

Da wani kifin ne, da ɗaukewar wutar nan ta kashe shi saboda ƙarancin iska a ruwa. Bargi yana shaƙar iska. Jim kaɗan za ka ga ya taso ya sa baki a saman ruwa, ya kurɓa, ya koma. Abin da ya fi ba ni tsoro matatar ruwan akwatin ce. Soson da ke cikinta gidan wasu ƙwayoyin halitta ne da ke mayar da dafin kashin kifi ya zama mai sauƙi, kuma idan ruwa ya daina bi ta cikinsu na tsawon lokaci sai su mutu. Wani mai gyaran rediyo a layinmu ne ya haɗa mini ɗan famfon iska da batirin mota da farantin sola, bai karɓi ko dala ba. Ya ce ladansa in bar shi ya riƙa zuwa kallo. Daga shi sai abokansa, sai buta da gawayi. Ƙofar ɗakina ta zama fada ban nema ba. Da hunturu ya shigo, su ne ke taya ni naɗe akwatin da bargo da dare, mu jefa goran roba cike da ruwan ɗumi a ciki, domin bargi ya fi sakewa tsakanin digiri 25 da 30.

Sai girma. A kududdufin kiwo bargi yana iya kai kilo 3 cikin shekara, a kogi kuma tsawonsa ya kusa mita. Nawa bai yi wannan saurin ba, amma kafin azumi ya kai kamu ɗaya, idan zai juya sai ya lanƙwasa jiki, wutsiya na shafar gilashi. Gilashi mai kaurin da nake so daga Kano yake zuwa, ta Jibiya da Ɗan Isa, hanyar kuwa a rufe. Wanda ke gari ya yi tsadar da Kawu ya ce ko a mafarki kar in taɓa. Sai a watan Maris na 2024 da aka buɗe iyakar kaya suka fara shigowa.

Sabon akwatin tsawonsa mita 2 ne, faɗi santimita 70, zurfi 60, gilashi milimita 12 da ƙarin maɗauri a sama. Idan ya cika lita 840 yake ci, wato kilo 840 na ruwa kaɗai. Hajiya mai gidan da ta ji lissafin ta riƙe haɓa.

"Ɗana, daɓen nawa fa? Duk don kifin da ko miya ɗaya ba zai yi ba?"

"Hajiya, teburin ƙarfe zan sa, mai ƙafa shida."

"To Allah Ya shirye ka. Ranar da ka gaji da shi, tukunyata na nan."

Gam ɗin silikon sai wanda ba a sa masa maganin fumfuna ba, don wancan guba ne ga kifi, kuma sai ya yi mako yana bushewa. Na cika akwatin a tsakar gida don gwada yoyo, sannan aka kwashe aka shigar da shi. 'Yan ga-ruwa suka yi ta jigilar bido. Ruwan famfo akwai sinadarin kulorin, na bar shi ya kwana famfon iska na kaɗa shi. Tsohon soson matatar ruwan ban wanke shi ba, haka na ɗauke shi da dattinsa na sa a sabuwar, na kwaso rabin tsohon ruwan da rairayin na zuba. Sabuwar matatar ruwa zalla takan ɗauki wata guda ko fiye kafin ta kama aiki, wannan dattin shi ne gajeriyar hanya.

Ranar ƙaura bayan asuba muka yi, kafin zafin Afrilu ya taso. Tun jiya na hana shi abinci. Na rage ruwan har ya rage taƙi ɗaya, na tabbatar ɗumin akwatunan biyu ya yi daidai. Ban sa koma ba, tana ɓare ɓawo tana yaga fiffike. Babbar leda mai kauri na nutsa, mai rediyo ya koro shi da tafin hannu a hankali. Da ya ji an rufe bakin ledar ya yi wata irin zabura, ya jiƙa mu har wuya, wani tsoho da ya tsaya kallo daga masallaci yana ta "a hankali, samari, a hankali!" Taku huɗu ne tsakanin akwatunan. Muka kwantar da ledar cikin ruwa, muka buɗe, ya sulale ya lafe a kusurwa.

Nan take na ɗora murfi na danne da bulo, na bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da ruwa don ya sami abin shaƙa. Bargi gwanin tsalle ne, kuma a sabon wuri ya fi yi. Na rufa zane a gaban gilashin, na kori 'yan kallo. Ya yi kwanaki bai kula abinci ba, launinsa ya koɗe. Da na ga ya fara kifa kai yana feso rairayi na yaye zanen.

Yanzu shi ma wannan akwatin ya fara yi masa kaɗan, ga iyalina na shirin tahowa, rabin ɗakin kuma kifi ya cinye. Hajiya ta yarda in gina masa kwarmin siminti a bayan rijiya, da sharaɗin in canza mata tagogin zaure kyauta. Kawu ya ce ta cuce ni a cinikin. Mai rediyo ya riga ya auna wurin, muna jiran siminti ya ɗan sauko.