Godiya Bayan Kwana 19 a Asibiti

Alhamdulillahi, jiya da yamma aka sallame mu, ni da jaririyata. Jikina babu ƙarfi, amma na kasa barci ban ce muku na gode ba.

Kun san yadda aka faro, ba sai na maimaita ba. Cikin yana wata bakwai aka gano ina ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, na fara shan magani, amma lokaci ya ƙure. Har sati na 36 yawan ƙwayar cutar a jinina bai sauko ƙasa da 1,000 ba. Likita ta ce sai an yi mini aiki an ciro jaririyar a sati na 38, tun naƙuda ba ta taso ba, tun faya ba ta fashe ba, don kada yarinya ta ɗauka. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ta ce wannan aikin kariya ne ga jaririya, amma nauyinsa a kaina yake, domin mace mai raunin garkuwa, kamar ni da CD4 ɗina, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jiki a jini, bai kai 200 ba, ta fi saurin samun ciwo a ɗinki ko a mahaifa, ga kuma ƙarancin jini. Na sa hannu.

Abin da ta faɗa kuwa bai faɗi ƙasa ba. Duk da allurar kashe ƙwayoyin cuta da aka yi mini kafin a sa wuƙa, a dare na huɗu zazzaɓi ya rufe ni, haƙorana suna haɗuwa. Da aka ɗaga audugar na ga mugunya, gefen ɗinkin ya buɗe. Na juya na kalli yarinya tana barci, na ce a raina, wa zai riƙa ɗiga mata maganinta kullum idan na tafi?

A nan ne nas ɗin da ke aikin dare ta gama wankin ciwon, ta cire safar hannu, ta ɗora tafinta a goshina. Fata da fata. Ta ce, “Ƙanwata, mun sha ganin irin wannan, kuma sun tashi.” Wata biyu ke nan rabon da wani ya taɓa ni haka in ban da maigidana. Kin hana ni kiran sunanki, to Allah Ya san shi. Allah Ya sanyaya miki kamar yadda kika sanyaya mini, Ya jiƙan mahaifanki, Ya raya zuri'arki, Ya sa hannun nan ya zama shaida a gare ki ranar gobe.

Yaya Babba, ke da kika kwana 19 a kan kujera, ban da bakin gode miki. Ƙanin maigida da abokinsa da suka ba da jini leda biyu, Allah Ya mayar muku da ninkinsa. Baban Baby, ka riƙe amana. Matan ƙungiyarmu masu kira kullum suna tambaya ko na sha magani, Allah Ya bar zumunci.

Akwai waɗanda jininmu ɗaya da ban ga ƙeyarsu ba tun ranar da suka ji sunan ciwon. Ko a waya. Na yafe, amma na ji zafi. Wannan cuta ba a ɗaukarta a gaisuwa.

Da saura. Idan yarinya ta cika sati shida za a ɗebi jininta a gwada. Don Allah kada ku gaji da yi mana addu'a.