Ƙas-ƙas ɗin da ya koya mini sayen kwamfutar haɗa kiɗa

Wata mawaƙiya ce a gaban makirufo ranar da na gane ban san kwamfutar da nake aiki da ita ba. Mun ɗora kiɗa, layukan sauti sun kusa talatin, tana shiga baiti na biyu sai sauti ya fara kakkatsewa, ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen ganye. Na yi sauri na ƙara girman bafa, wato yawan gutsuren sautin da kwamfuta ke tarawa ta sarrafa a lokaci ɗaya, zuwa 1024, ƙarar ta ɗauke. Ba a yi minti ɗaya ba ta cire abin kunne ta ce, "Malam, muryata tana dawo mini a makare, ba zan iya bin kiɗan ba." Haka muka tashi ba mu ɗauki komai ba, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin lokacinta da amanarta na ɓata.

A daren na yanke hukunci cewa RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, ita ce ta yi kaɗan. Kowa haka yake faɗa idan laftof ta yi nauyi. Na kwance bayanta, na ci sa'a akwai gurbi ɗaya da babu komai a ciki, na mayar da gigabait 8 zuwa 16. A nan ma na koyi wani abu: RAM irin ta DDR4 ba ta shiga gurbin DDR5, kuma da yawa daga siraran kwamfutocin yanzu an like RAM ɗinsu a jikin allo, babu hanyar ƙari. Na kunna aikin nan da murna. Ƙas-ƙas ya dawo daidai inda ya saba.

Maigidana da na koyi aiki a hannunsa ya saurari kukana har na gama, sannan ya yi mini tambaya ɗaya: "Kafin ka saya, ka duba me ke cika?" Ban duba ba. Da muka buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna abin da kowane aiki ke ci, muka kunna waƙar, duka abin da ake ci bai kai gigabait 6 ba. Ashe ko tsohuwar RAM ɗin ba ta taɓa cika ba.

Shi ya zaunar da ni ya yi mini lissafin da har yau nake aiki da shi. Idan ana ɗaukar sauti a kan gutsure 48,000 a daƙiƙa, kuma bafa tana kan 128, to kwamfuta tana da kimanin milisakan 2.7 ne kacal ta gama lissafin duk kayan kiɗa da duk fulogin (ƙananan manhajojin gyaran sauti) da ke kan aikin, ta miƙa wa katin sauti, ta kama na gaba. Sau 375 take yin haka a kowace daƙiƙa. Idan ta makara sau ɗaya tak, kunne zai ji. Mai tace bidiyo yana iya jiran kwamfutarsa ta gama tunani. Sauti ba ya jira. Da na kai bafa 1024 na ba ta fiye da milisakan 21 ta numfasa, amma wannan jinkirin, a shiga da kuma a fita, shi ne ya rikita mawaƙiyar.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki shi ne batun ƙwayoyin furosesa, wato sassan ƙwaƙwalwar kwamfuta da kowanne ke lissafinsa daban. Na ɗauka yawansu shi ne komai. Amma fulogin da aka jera a kan layi ɗaya dole su bi juna, na biyu yana jiran abin da na farko ya fitar, don haka galibi ƙwaya ɗaya ce ke ɗauke da jerin gaba ɗaya. Ni kuwa na tara fulogin masu nauyi guda shida a kan babban layin da komai ke bi ta kansa. Ƙwaya ɗaya tana nishi, sauran suna zaune. Shi ya sa ma'aunin cikin manhajar kiɗa ke nuna ja alhali Windows yana cewa furosesa bai kai rabin ƙarfinsa ba. Yawan ƙwayoyi yana taimakawa idan layuka sun yi yawa, amma saurin kowace ɗaya shi ke hana kakkatsewa a ƙaramar bafa.

Sai zafi. Na lura matsalar ba ta farawa da wuri, sai an yi kamar minti ashirin ana aiki. Furosesan kwamfutata irin na masu harafin U ne a ƙarshen lambarsu, waɗanda aka tsara a kan wat 15 don batir ya daɗe, ba irin masu H da ke kan wat 45 ba. Idan ya yi zafi yakan rage gudu da kansa don kada ya lalace. Da muka buɗe fanka mun tarar ƙura ta toshe hanyar iska kamar auduga, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi kuma ya bushe. Muka share, muka sa sabon mai, na ɗaga kwamfutar a kan mariƙi, na daina yin aiki mai nauyi a kan batir. Wannan gyaran, wanda ƙaramin abu ne idan aka gwada da sayen RAM, shi ya rage fiye da rabin matsalar.

Ragowar tana wurin da babu takardar talla da ke ambata: direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa kwamfuta da na'urorinta. A Windows, direban wata na'ura da ba ta da alaƙa da kiɗa yana iya riƙe furosesa na ɗan lokaci, sauti ya makara. Akwai ƙaramar manhaja mai suna LatencyMon da ke nuna mai laifin, kuma a wurina direban Wi-Fi ne. Tun daga lokacin, idan za a ɗauki murya sai na kashe intanet. Na kuma daina dogara da katin sautin cikin kwamfuta, na koma ga na waje mai direban ASIO nasa na kansa, irin wanda aka tsara don rage jinkirin sauti. Yawancinsu suna da maɓallin da ke mayar wa mawaƙi muryarsa kai tsaye ba tare da ta ratsa kwamfuta ba. Da na san da wannan maɓalli a wancan ranar, da mun gama waƙar.

Ba wai RAM da faifan ajiya ba su da rana ba. Ranarsu ta zo lokacin da na fara amfani da manyan taskokin sauti a manhajar Kontakt, irin na goge da fiyano da aka ɗauka daga kayan gaske. Waɗannan suna ajiye farkon kowane sauti a RAM, sauran kuma suna janyo shi daga faifai lokacin da aka danna. A nan ne gigabait 16 ta fara cika da gaske, kuma a nan ne tsohon faifai mai juyawa 5,400 a minti ya gaza. SSD, faifan da ba ya juyawa, irin na SATA yana kaiwa kusan megabait 550 a daƙiƙa, irin na NVMe kuma ya ninka haka sau da yawa. Muryar da aka ɗauka ba ta da wannan nauyin: layi ɗaya a kan bit 24 da 48,000 bai kai megabait 9 a minti ba. Wanda aikinsa ɗaukar murya ne da wanda ke gina ƙungiyar makaɗa a cikin kwamfuta ba abu ɗaya suke buƙata ba.

Canjin faifan ya zo da nasa ciwon kan. Ban cire lasisin wasu fulogin daga tsohon faifai ba kafin na sauya, na yi kwanaki ina rubuta wasiƙu kafin su dawo. Yanzu kafin in taɓa sukuru ɗaya sai na kwafi ayyukana wuri biyu, na saki lasisin da ke buƙatar saki.

Da lokacin sayen sabuwa ya yi, ban fara da kwamfuta ba, da manhaja na fara. Logic Pro a kan na'urorin Apple kaɗai yake aiki, FL Studio da Ableton Live da Cubase suna aiki a Mac da Windows, kuma sai da na bi fulogin ɗina ɗaya bayan ɗaya na tabbatar za su tashi. Kwamfutocin Apple masu furosesan M1, tun fitowarsu a 2020, sun yi suna wajen shiru da ƙarancin zafi, amma RAM ɗin da ka saya da ita za ka zauna har ƙarshe. Na bar masu babban katin hoto na wasanni, domin kiɗa ba ya cin moriyarsa, ƙarar fankarsu kuma tana shiga makirufo. Na ƙirga ramukan USB: katin sauti, madannan fiyano, faifan waje, ɗan makullin da ke riƙe lasisin manhaja.

Na zaɓi mai gurbin RAM biyu da gurbin M.2 na ƙara SSD, bisa sharaɗin zan iya mayarwa idan ba ta yi ba. Ranar da ta iso na ɗora mata aikin nan mai layuka talatin, na sa bafa a 128, na bar shi yana maimaita kansa na minti arba'in ina zaune da abin kunne. Da ya gama ba tare da ƙas ko ɗaya ba, na kira mawaƙiyar na roƙe ta ta dawo mu ƙarasa baiti na biyu.