Yaushe za a fara waƙar?

A hunturun bara muna komowa Birnin Kebbi daga Argungu da daddare, ƙanen mahaifina yana zaune kusa da ni a gaban mota, sai na kunna wani faifai da na saba saurare idan tuƙi ya kama ni ni kaɗai. Bugu ne guda ɗaya mai kauri yake ta maimaita kansa, a bayansa kuma wani amo yana shimfiɗuwa kamar hazo a kan fadama. Baffa ya yi gum har kusan minti shida, sannan ya juyo ya ce, "Kai ɗana, wai yaushe za a hwara waƙar?" Na ce, "Baffa, ai tun ɗazu aka yi nisa a cikinta." Ya girgiza kai, ya ce su a zamaninsu idan rediyo ta fara irin wannan kuka, wurin mai gyara ake kai ta.

Ban ga laifinsa ba, domin kunnen mutumin wannan yanki da magana aka raine shi. Ƙasar da ta ji Musa Ɗanƙwairo Maradun da Ibrahim Narambaɗa ta saba da kotso mai rakiyar zance, inda ake auna makaɗi da azancin bakinsa da yadda 'yan amshi suke karɓa masa. Hatta kalangu, idan babu mai rera komai, take yake faɗa, kuma wanda ya san taken yana jin sunan da ake kira. Saboda haka kiɗan da bai yabi kowa ba, bai yi wa kowa zambo ba, kuma bai kira kowa fili ba, dole ya zama abin tuhuma a wurin dattijo irin Baffa.

Irin wannan kiɗa da nake nufi rassa biyu ne da suka haɗu. Na farko shi ne wanda Turawa suke kira ambiyent, ni kuwa nakan ce masa kiɗan yanayi. Brian Eno, mutumin Ingila, ya ba da labarin cewa a 1975 yana kwance yana jinya bayan mota ta buge shi, aka sa masa wani faifai da sautinsa ya yi ƙasa ƙwarai, shi kuma ba shi da ƙarfin tashi ya ƙara, sai ya lura kiɗan ya gauraya da ƙarar ruwan sama har sun zama abu ɗaya. Daga wannan tunani ne faifansa Music for Airports ya fito a 1978. Dabarar da ya yi amfani da ita tana burge ni har yau: ya naɗi sautuka a kan zaren kaset masu tsawo daban-daban, ya ɗaure kowane ya zama zobe, ya bar su suna juyawa tare, ta yadda haɗuwarsu a wannan zagaye ba za ta zama irin ta zagaye na gaba ba.

Reshe na biyu shi ne tekno, wanda wasu matasa baƙar fata uku, Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson, suka aza harsashinsa a Detroit ta Amurka cikin shekarun 1980, lokacin da masana'antun motoci na birnin suke ta rage ma'aikata. Na'urorin bugun ganga na kamfanin Roland, irin su TR-808 da TR-909, su ne makaɗansu. Bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989 kiɗan ya sami gida na biyu a Jamus. Gidajen rawar da ya yi suna a cikinsu ba su dame ni ba, kuma ba su ne suka jawo ni ba. Abin da ya kama ni shi ne abin da wasu suka mayar da shi bayan sun rage masa zafi.

A 1993 Moritz von Oswald da Mark Ernestus suka fara fitar da faya-fayai a Berlin da sunan Basic Channel. Sun ari dabarar masu haɗa sauti na Jamaika irin su King Tubby, wato a ɗauki amo guda a sake shi cikin amsa-kuwwa har ya narke, suka ɗora ta a kan bugun tekno. A cikin minti goma ko fiye, mai gaggawa zai rantse babu abin da ya sauya. Amma wanda ya natsu zai ji cewa amon da ya fara dushe-dushe ya buɗe kaɗan, wani shuu mai kama da iskar hunturu a jikin tagar kwano ya shigo ta hagu ya fice ta dama, kaurin da ke ƙasa kuma ya janye na ɗan lokaci har zuciya ta fara nemansa kafin ya dawo. A nan daɗin yake. Maimaicin yana kwantar da hankali wuri ɗaya, kamar yadda masunci yake kafa ido a kan ruwan Matan Fada, har ƙaramin motsi ya zama babban labari. Wolfgang Voigt na birnin Kolon, da sunan Gas, ya ƙara nisa da wannan hanya: yana jan kiɗan gargajiyar Turai har ya yi kauri ya rasa siffarsa, sannan ya binne bugun ganga a can ƙarƙashi, kamar dakan da ake jiyowa daga ƙauyen da ke tsallaken gulbi.

Wannan ne ya sa ba na yarda a tsinci yanki ɗaya daga irin waɗannan faya-fayai a tura wa mutum ta waya. Faifan gaba ɗayansa ake shiga, tun daga ƙofa har ƙurya. Kashi na biyu na faifan Selected Ambient Works, wanda makaɗin lantarki Aphex Twin ya fitar a 1994, ya haura awa biyu, kuma kusan duk kiɗe-kiɗen da ke cikinsa ba a raɗa musu suna ba, hotuna aka sa a madadin sunaye. Dole kuma a faɗi gaskiya, akwai tarin shirme a wannan fage. Tun da kwamfuta ta sauƙaƙa aikin, kowa yana iya danna amo guda ya bar shi awa ɗaya ya ce gwaji yake yi, kuma na sha ɓata data a kan irinsu. Bambancin yana fitowa ne wajen ko akwai hannun da ke tuƙa sauyin, ko kuwa an bar na'ura tana ta zuba ita kaɗai. Sannan sifikar waya tana kashe kiɗan murus, domin ba ta iya fitar da kaurin da komai ya dogara a kansa; sai da iyafis mai kyau ko sifikar mota.

Masu cewa abin na Turawa ne zalla su leƙa maƙwabtanmu. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset na kiɗan lantarki da molon bature mai madannai tun 1978, shekarar da faifan Eno ya fito, kuma rediyo da talabijin na Nijar sun daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. Marigayi Tony Allen, makaɗin gangar Fela Kuti, ya yi aiki da von Oswald a 2015, ya kuma yi da makaɗin tekno Jeff Mills na Detroit a 2018.

Da rani na raka Baffa gonarsa ta shinkafa a fadama. Injinan ban ruwa biyu suna aiki, nasa da na maƙwabcinsa, ɗaya ya ɗan fi ɗaya sauri, sai bugunsu ya haɗu ya zama guda, ya rabu a hankali, ya sake haɗuwa, ga kukan kwaɗi da na tsuntsaye a sama da su. Na ce, "Baffa, ka ji abin da nake saurare a mota ke nan." Ya kasa kunne na ɗan lokaci, ya ce injin maƙwabcin nan yana bukatar a duba masa fulogi. A hanyar gida ya ce in sa masa Ɗanƙwairo, na sa.