Abin da shit ɗin filawud ke gaya mini game da dajin da ya fito

Ni kafinta ne, ina da ɗan shago da yara huɗu, kabad na kicin da durowa muke yi, kuma in kwastoma ya ce mai kyau yake so to filawud ɗin icen bach (birch, wata bishiyar ƙasashen sanyi) nake nema masa, wanda ake kawowa daga Finland da Latbiya da Rasha. Fari ne tas, ga riƙe sukuru, mai kaurin milimita 18 in ka duba gefensa za ka ƙirga fale-fale 13.

Amma fa ba duka ne ɗaya ba. Wani shit ɗin sumul, wani kuma duk baƙaƙen ido, wato gurbin rassa, da faci, kuma wannan tun a daji aka yi shi ba a masana'anta ba. A Finland sukan dasa bishiyar bach kamar 1600 a hekta ɗaya, su bar su a matse da farko don rassan ƙasa su rasa rana su bushe su zube da wuri, sai gangar ta miƙe ba ido. In sun kai tsawon mita 13 zuwa 15 sai a sare kusan rabi, kamar dai yadda manomi ke rage gero a rami, daga baya a sake ragewa. Ita bach bishiya ce mai son rana ƙwarai, in aka makara ba a rage ba sai ta siririce, kanta ya tsuke, dusar ƙanƙara ta lanƙwasa ta, ba za ta yi kaurin da za a fere ta fale-fale a yi filawud ba sai dai a kai ta kamfanin takarda. In kuma aka yi gaggawar buɗe mata fili tun tana ƙarama, rassa su yi kauri, ga ido nan ko'ina.

Abin da ya fi burge ni, saurin girman ba ya rage mata nauyi ko ƙarfi sosai, shi ya sa ba sa tsoron ba ta sarari. Abin tsoron injin sara ne ya goge ɓawon waɗanda aka bari, don bach ba ta jure rauni, wurin ya dafe, ruɓa ta shiga, bayan shekaru ni ne zan ga jan tabon a kan bencina.

Shi ya sa nake ce wa yarana, kai yaro kar ka sa zarto sai ka juya shit ɗin ciki da bai, mai tsabta a fuskar ƙofa, mai faci a bayan kabad. Kuma ba na sa shi ƙarƙashin sink, danshi da gara ba sa raga masa.