Lambun buhu a tsakar gidanmu

Gidajenmu na cikin birni ba su da fili, amma buhun siminti da tsohon bokiti ko'ina za su zauna. A tsakar gidanmu a Gwammaja na jera su jikin katanga, na cika su da ƙasa da takin awaki, na huda gindinsu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Alayyahu ya fi saurin yi, kamar wata guda ka fara tsinka. Yakuwa da rama ba su da rigima. Tumatur ne mai son lallaɓawa, shi kam sai lokacin sanyi, kamar yadda manoman Kadawa ke yi.

Abin da ya fi faranta min rai yarana ne. Autata da a da ba ta cin ganye, yanzu ita ke ban ruwa da safe da ruwan alwalar da muke tarawa, kuma kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ba ya kwana in dai daga bishiyarta aka tsinko. Biskit da lemon kwalba ban hana su gaba ɗaya ba, na dai rage.

Ranar Juma'a bayan la'asar, tunda babu Islamiyya, babansu kan kai su hawan Dutsen Dala, waya a bar ta a gida. Masu ƙananan yara, don Allah ku riƙe musu hannu a kan matattakalar.