Gam ɗin da zai riƙe jirgin balsa

Asabar da dare, Zariya.

Yau ban taɓa jikin jirgin ba sai bayan la'asar, zancen gam ya cinye min safiya. Kwalin da ƙanena ya aiko daga Amurka na kamfanin Guillow's ne, mai yin kayan haɗa ƙananan jiragen sama na wasa, wanda aka kafa a 1926 a jihar Massachusetts. Ɗan jirgin Piper Super Cub ne mai faɗin fiffike inci 24, roba ke juya masa farfela. Akwai zanen gini a ciki, da fallayen katako, da siraran sanduna, da waya, da takardar rufi. Gam ne kawai babu, kuma wanda masu wannan harka suke yawan ambato a can, Titebond, ban gan shi a shagunan da na leƙa ba.

Na ɗauki guntun katakon na kai wa tsohon kafintan da ke bakin layinmu. Ya juya shi, ya danna farce ya ga ya lotsa, ya yi dariya.

"Malam, wannan ai totuwar kara ce aka yi wa ado. Daga ina?"

Na ce masa balsa ake kiransa, yawancinsa daga Ekwado ake fitar da shi. Ya kaɗa kai, ya ɗebo min farin gam irin na Top Bond a murfin kwalba.

"Gwada wannan, amma kada ka lafta. Na takalmi kuwa kada ma ka kusance shi."

Gaskiyarsa. Evo-Stik da 'yan uwansa na fata ne da fomaika, inda fuska biyu masu faɗi za su haɗu. A gaɓar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, danƙo kawai zai zama, sandar ta riƙa rawa.

Da na dawo na yanka ragowar katakon gefe na yi gwaji da farin gam, da sufa gulu, da Araldite mai bututu biyu. Na haɗa gutsattsarin kai da gefe, yadda haƙarƙarin fiffike ke haɗuwa da sandarsa, na bar su a taga.

Sufa gulu ya fi ba ni sha'awa da farko, don kafin ka ƙirga goma ya kama. An ce wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Harry Coover, ya ci karo da shi a 1942, aka ajiye shi gefe saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa, sai a 1958 ya shiga kasuwa. Halinsa bai sake ba. Danshi ne ke sa shi daskarewa, shi ya sa a bushewar hunturun nan yake ɗan jan ƙafa a kan katako amma ya cafke yatsa nan take. Idan ka huro masa numfashi sai ya yi sauri. Matsalarsa da balsa ita ce katakon yana shanye shi, wurin ya koma dutse. Da na sa samfefa, lallausan katakon da ke kewaye ya cinye, gaɓar ta tsaya ta yi tudu. A fiffiken da takarda za ta lulluɓe, wannan tudun zai fito fili. Ga tururinsa mai yaji a ido. Ɗan yayata da ya zo kallo ya miƙa hannu da auduga zai goge wanda ya ɗiga, na riƙe shi, don auduga da sufa gulu zafi suke yi har su ƙona fata.

"Kawu, to me ya sa ka saya?"

Na ce yana da ranarsa. Idan sanda ta tsage, ko wani lungu da fil ba zai shiga ba, ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace ya wadatar.

Araldite kuwa ƙarfinsa ya wuce buƙata, kuma yana da nauyi. Jirgin da roba za ta ɗaga ba ya yafe nauyi, musamman a wutsiya: abin da ka ƙara a baya, sai ka ninka shi a hanci kafin jirgin ya daidaita, don wutsiyar ta fi nisa daga tsakiya. Na ware shi don wuri guda, inda wayar tayoyi za ta zauna a jikin katako, tunda farin gam ba ya kama ƙarfe.

Farin gam ɗin kafinta shi ya ci gasar. Da na karya gwajin bayan azahar, katakon ne ya ɓalle a gefen gaɓar, gaɓar kuma tana nan. Fiye da haka ba a nema. Yana ba ka 'yan mintuna ka gyara zaman haƙarƙari ka duba ko ya miƙe, ruwan cikinsa kuma ya ƙafe ya bar kusan babu nauyi. Dabarar da ta fi yi min amfani ita ce shafawa sau biyu. Kan sanda inda aka yanka yana zuƙe gam, don haka na fara shafa kaɗan na bar shi ya shige, sannan na ƙara na haɗa. Wanda ya tsattsafo na kwashe shi tun yana ɗanye, don idan ya bushe yana ɗan taunewa a ƙarƙashin samfefa. Ruwan cikinsa yana iya lanƙwasa siririn falle, saboda haka sai an danne da fil har ya bushe.

Bayan la'asar na shimfiɗa zanen a kan kwali mai kauri, na rufe shi da farar leda don kada gam ya haɗa jirgi da takarda. Fil ɗin ɗinki na gicciya a kan sandunan maimakon in soke su, don balsa mai sirantaka tsagewa yake yi. Ana cikin haka wani ƙaramin jirgin koyo na kwalejin tuƙin jiragen sama ya wuce ta samanmu, yaron ya fita da gudu ya bar ni da tsinke a hannu.

Kafin magariba na gama wutsiya da rabin fiffiken hagu. Ba zan cire fil ba sai gobe da hantsi. Takardar rufi kuma wata shawara ce daban: ko gam na sanda irin na 'yan makaranta, ko farin gam da aka tsinka da ruwa. Zan gwada duka biyun a kan wutsiya tukuna.