Talata, Sadiq da maganar sayen linki

Yau da walwala na tashi. An kawo wuta tun kafin asuba, Maman Hanifa ta yi markaɗenta a gida, ni kuma na cika waya da kwamfuta da caji. Kaji lafiya lau. Ƙwan jiya ma na kai wa Alhaji Ɗanlami kafin rana ta buɗe.

Bayan azahar sai ga Sadiq. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya miƙo min waya ya ce, "Yaya, duba nan." Ya rubuta "rigakafin Gumboro", cutar nan ta kaji, a Google. Rubutuna, wanda sai da na zauna da Dakta, likitan dabbobi, ya bi shi layi-layi kafin na sake shi, yana can ƙasa. A samansa akwai wani shafi da ya kwashe shi kaf, har da wurin da na ce a ɗan janye wa kajin ruwa kafin a ba su maganin, kuma kada a haɗa shi da ruwan famfo mai kulorin. Sun cire sunana, sun zagaye rubutun da tallan caca. Raina ya ɓaci sosai, don wannan rubutun saboda masu ƙaramin kiwo na yi shi, waɗanda cutar kan shafe wa ɗaki guda cikin 'yan kwanaki.

Sadiq ya ce, "Yaya, ba rubutu ne matsalarka ba, baklink ne ba ka da shi. Google ba ya sanin waye Dakta. Abin da yake ƙirgawa shi ne shafuka nawa suka sa linki zuwa gare ka." Wai ya san wani a Telegram da ke sayar da su ɗari-ɗari, kuɗin bai kai buhun abincin kaji ba.

Na ce masa rabin maganarsa gaskiya ce. Da haka Google ya fara. Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a jami'ar Stanford suka ƙirƙiro lissafin da ake kira PageRank, suka kafa kamfanin a 1998. Tunaninsu shi ne duk shafin da ya sa mahaɗi, wato linki, zuwa gare ka ya shaide ka ne, kuma shaidar shafin da shi ma an shaide shi ta fi nauyi. Amma tun da mutane suka gane haka suka mai da abin kasuwa, Google kuma ya bi su. A 2011 ya fito da wani gyaran tsarin bincikensa mai suna Panda don dannen shafukan da ba su da nama, a 2012 ya fito da wani mai suna Penguin musamman don masu saye da cusa mahaɗai. A ƙa'idarsu har gobe, mahaɗin da aka biya kuɗi a kansa sai an yi masa alamar cewa talla ne. Na ce, "Ƙanina, in na saya, ko dai su yi watsi da su kuɗina ya tafi a banza, ko su danne shafin gaba ɗaya."

Bai yarda ba. Ya ce to me ya sa ɓarawon ke sama? Nan na yi shiru, don tambayar ta cancanci a yi mata shiru. Sannan ya kawo cewa wani ma'aikacin Google, Andrey Lipattsev, ya faɗa a 2016 cewa mahaɗai da abin da ke cikin shafi suna cikin manyan abubuwa uku da ake dubawa. Na ce haka ne, amma a 2023 Gary Illyes, shi ma na Google, ya ce mahaɗai sun daɗe da fita daga cikin ukun farko. Sadiq ya ɗaga kafaɗa ya ce su faɗi abin da suke so, shi abin da idonsa ya gani a waya ya sani. A haka aka kira la'asar.

Tun da muka dawo daga masallaci abin ke cina, kuma ba maganar sayen ce ke damuna ba, wannan na riga na yanke ba zan yi ba. Abin da ke damuna shi ne mu kanmu.

Wannan rubutun na Gumboro ya yi yawo. Na gan shi a zauren WhatsApp na masu kiwo na Zariya, wani ya turo min shi daga Maraɗi yana cewa in karanta zan ƙaru, bai san ni na rubuta ba. Mutane sun amfana, Alhamdulillahi. Amma kusan kowa kwafe rubutun yake yi ya liƙa, ba ya sa adireshin inda ya samo. Abin da ke cikin WhatsApp kuma Google ba ya ganinsa sam. Ke nan shaidar da Bahaushe ke ba ka, da baki da turawa da addu'a, ba ta isa inda ake ƙirga ta. Shi ya sa in ka bincika abu da Hausa, galibi manyan gidajen labarai irin su BBC Hausa da Aminiya za ka fara gani, don su sun daɗe kuma ana nuni zuwa gare su daga ko'ina. Ƙaramin marubuci kuwa, ko ya fi kowa sanin abin, shi da ɓarawonsa kusan kunnen doki suke a idon na'ura, sai wanda ya fi dabara ya haye.

Abin ya fi min ciwo saboda ba halinmu ba ne. A zauren karatu malami ba ya kawo magana sai ya ce daga wane littafi, daga wane malami ya ji, kuma hadisi ma da isnadinsa ake auna shi. Mahaɗi shi ne isnadin intanet. Mun riƙe wannan ladabin a gaban malam, da muka hau waya muka ajiye shi.

Saboda haka in aka tambaye ni wanne ya fi, rubutu mai kyau ko mahaɗai, zan ce rubutun ne ke sa manomi ya dawo, shi ne kuma ke hana kajinsa mutuwa. Amma ba zan ruɗi kaina cewa shi kaɗai zai kai ni sama ba. Ina buƙatar mahaɗai, na halal, daga waɗanda suka karanta suka gamsu. Guda ɗaya daga shafin wata ƙungiyar likitocin dabbobi ya fiye min ɗaruruwan mutumin Sadiq.

Bayan magariba na rubuta wa shugabannin zaurukan kiwo da nake ciki, na roƙe su duk wanda zai tura rubutun wani, nawa ko na waninsa, ya haɗa da adireshin, ko Google bai gani ba mai karatu zai san asalinsa. Hajiya Binta ce ta fara amsawa, ta ce wallahi ba ta taɓa sanin yana da amfani ba. Dakta kuma ya ce zai yi wa mutanensu magana.

Tuwon dawa, miyar kuka. Hanifa ta hana kowa sakat da haddarta. Masara ta ƙara kuɗi.

Sadiq ya turo saƙo yanzu wai mutumin ya yi ragi. Na ce masa a'a, ya zo gobe da safe ya taya ni cike takardar ƙorafin satar rubutu da Google ke karɓa, mu tura a kan shafin nan.